Rashi da zaɓi mai wuya a littafin matasa: amsa ga wata sabuwar marubuciya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malama. Ina rubuta littafina na farko, kuma 'yan sakandare nake so su karanta shi. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 a Kano, wadda mota ta buge ƙaninta ya rasu, mai motar kuma ya gudu. Ita kaɗai ta ga motar, ta kuma gane cewa ta ɗan baffanta ce, wanda shi ke biyan kuɗin makarantarta da na maganin mahaifiyarta tun bayan rasuwar mahaifinsu. Sai aka kama wani mai adaidaita sahu a kan laifin. Na kai tsakiyar labarin na tsaya cak. Wasu ƙawayena sun ce ya yi wa yara nauyi, wasu sun ce in sa ta faɗi gaskiya kawai a wuce wurin. Shin ya dace a rubuta wa matasa irin wannan? In ya dace, yaya zan nuna baƙin cikinta ba tare da ya zama kamar rashin tawakkali ba, kuma yaya zan ƙare shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Abubuwa uku kike tambaya: ko labarin mutuwa da ɓoye gaskiya ya dace da masu karatu 'yan shekara 14 zuwa 18, da yadda za a rubuta baƙin cikin yarinya Musulma ba tare da an mayar da ita mai ja da hukuncin Ubangiji ba, da kuma inda za a sauke labarin. A ganina abin da ya tsayar da ke shi ne kina kallon rashin ƙanin daban, zaɓin da ke gaban yarinyar kuma daban. A aikina na duba rubutun sababbin marubuta kafin ya tafi maɗaba'a, wannan ce matsalar da na fi cin karo da ita a irin wannan labari: a yi mutuwa a farkon littafi, a yi kuka na shafi biyu, daga nan mamacin ya zama hujjar kawo rikici kawai, ba a sake jin ɗuriyarsa. Littafinki zai tsaya da ƙafarsa ne idan duk abin da yarinyar ta yi, magana ce ko shiru, ya taso daga ciwon rashin nan.

Batun nauyi

Ba zan daɗe a kan wannan ba, domin amsarsa a fili take. Da wuya ki shiga ajin 'yan mata na babbar sakandare ki rasa wadda ta yi rashin uwa, ko uba, ko ɗan'uwan da suke ciki ɗaya, kuma akasarinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su yadda suke ji. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da ware littattafan matasa a matsayin rukuni na musamman, har ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta buɗe musu sashe tun 1957. A kasuwar littattafan Hausa kuwa, tun daga bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun 1980 har zuwa wannan zamani na WhatsApp da Wattpad, abin da matar aure ke karantawa shi 'yar aji huɗu ke karantawa a ɓoye, ba tare da an rubuta shi dominta ba. Saboda haka littafin da aka tsara shi da tunanin shekarunta ya fi mata aminci a kan mafi yawan abin da ke wayarta. Shi kansa ƙagaggen labarin Hausa bai fara da gudun irin wannan jigo ba: cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta haifar akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya ƙunshi maraici da rabuwar uwa da ɗa, kuma an koyar da shi a makarantu shekaru da yawa. Abin da za ki kiyaye shi ne siffanta hatsarin. Ba sai kin kwatanta jini da raunuka ba. Takalmin yaron guda ɗaya da ya rage a gefen titi ya wadatar.

Yadda baƙin ciki yake a gidan Bahaushe

A nan nake so ki fi ba da ƙarfi, domin nan ne arzikin labarinki yake, kuma nan ne marubutanmu suka fi yin sauri. Ki tuna yadda mutuwa take a wurinmu. Sau da yawa yaron da aka yi karin kumallo da shi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi. Mata ba sa raka gawa maƙabarta, don haka abin da yarinyar za ta gani na ƙarshe shi ne fitar makara daga zaure. Ba ta san inda kabarin ƙaninta yake ba. Wa ya sani? Ɗan baffan nata, domin shi ne namijin da gidan ya dogara da shi, shi zai sayo likkafani, shi zai kama makara, mai yiwuwa ma shi zai shiga kabari ya karɓi gawar, sannan ya dawo ya zauna a tabarmar ƙofar gida ana ce masa ya haƙuri yana amsawa. Ita kuma tana ciki tana zuba abincin da za a kai masa. Idan kika rubuta kwanakin zaman makoki ta idon yarinyar da ta san wannan, ba kya buƙatar ki gaya wa mai karatu cewa tana cikin tsaka mai wuya.

Ki kuma lura da wanda ake yi wa ta'aziyya. Mata za su cika ɗakin mahaifiya suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, yarinyar kuwa abin da za a riƙa ce mata shi ne ta daure ta kula da mahaifiyarta, ta daina kuka kada ta tayar mata da hankali. A kwana ukun nan ita ce mai wanke-wanke da karɓar kwanukan maƙwabta da shimfiɗa tabarma. Ba ta da lokacin kuka sai an watse, kuma bayan an watse ne ainihin rashin ke sauka: allonsa a jingine, kayan makarantarsa da ba wanda ya iya taɓawa, yaran unguwa da suka saba leƙowa su kira shi su tafi Islamiyya, hannunta da ya saba auna shinkafar mutum uku. Babi ɗaya cikakke a kan satin da ya biyo bayan naɗe tabarmi ya fi mini shafi goma na kuka a ranar mutuwar.

Akwai abin da zan gargaɗe ki da shi daga cikin abin da ake yawan karantawa a intanet. Za ki ga ana cewa baƙin ciki yana da matakai biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙin yarda har zuwa sallamawa. Wannan tsari na wata likitar ƙwaƙwalwa ce, Elisabeth Kübler-Ross, wadda ta fito da shi a 1969, kuma asalinsa daga hirarrakinta da marasa lafiya da ke fuskantar mutuwar kansu ta samo shi. Marubucin da ya ɗauke shi a matsayin taswirar babi-babi yakan fito da jarumar da ba ta yi kama da mutum ba. Wanda ya fi kusa da abin da muke gani a gidajenmu shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan a 1999, cewa mai rashi yana kai-kawo ne tsakanin fuskantar ciwon da kuma juya masa baya don ya ci gaba da rayuwa. Yau yarinyar ta yi dariya da ƙawayenta har ta manta, sai ta tuna, sai ta ji kamar ta ci amanar mamacin. Gobe ta yi faɗa da malamarta a kan abin da bai kai ya kawo ba. A shekarun nan baƙin ciki yakan fito da rigar fushi, ko rashin barci, ko faɗuwa a jarrabawa, kuma manya su fassara shi da rashin kunya. Idan kina so ki nuna mahaifiyar ta kasa tashi daga halin da ta shiga, ki sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin larurori da ke buƙatar kulawa. Ni dai aikina gyaran rubutu ne, don haka kafin ki sa wa wani ciwo suna a littafi, ki zauna da likita ko ma'aikaciyar jinya.

Tawakkali da hawaye

Tsoron da kike ji na kada a ce jarumarki ba ta da tawakkali tsoro ne da ya lalata littattafai da yawa, domin shi ke sa marubuci ya cusa wa yarinya 'yar shekara 16 huɗubar da ko limami ba zai yi a ranar da ɗansa ya rasu ba. Addini bai nemi haka ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. A Suratu Yusuf, Annabi Yakubu da ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri shi ne dai idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma da 'ya'yansa suka yi masa ƙorafin yawan ambaton Yusuf, ya amsa musu da cewa ga Allah yake kai kukansa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da furta kalaman ƙin ƙaddara. Kwana ukun da aka iyakance, da wata huɗu da kwana goma na takabar matar da mijinta ya rasu, hukunci ne a kan zahiri, irin barin ado. Ba a yanka wa zuciya wa'adi ba.

Saboda haka ki bar yarinyar ta yi salla hankalinta na wani wuri, ta ɗaga hannu ta rasa abin roƙo, ta ji nauyin yi wa ɗan baffanta addu'ar da ta saba yi masa. Tawakkalin da ta iso gare shi da jan ciki a babi na ƙarshe mai karatu zai yarda da shi, wanda aka ɗora mata tun shafin farko kuwa ba zai taɓa kowa ba.

Zaɓin da ke gabanta

Ƙawayenki da suka ce ta faɗi gaskiya kawai suna da hujja ta fuska ɗaya: hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Duk wadda ta yi Islamiyya ta san aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta umarci a tsaya da adalci ko da a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi. Kada ki ɓata lokaci kina ƙoƙarin nuna kamar yarinyar ba ta san daidai ba, masu karatunki ba za su yarda ba. Wahalar tana cikin farashin da za ta biya, da tambayar wa za ta fara gaya wa, da yaushe, da kuma ko za a yarda da ita. Yarinya ce, ita kaɗai ta gani, kuma wanda za ta nuna da yatsa shi ne mai rufin asirin gidan. Idan ta gaya wa mahaifiyarta mai jinya, ta ƙara mata rashi na biyu. Idan ta je wa baffanta, mai yiwuwa abin da za ta ji shi ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ki tabbata kin ba wannan magana ƙarfinta a bakinsa, domin dattijon da ke faɗinta yana ganin zumunci yake karewa. Idan ta tunkari shi ɗan baffan kai tsaye, ta ba shi damar ya gyara, ta kuma ba shi damar ya rufe mata baki. Akwai limamin unguwa, akwai mai unguwa, akwai ofishin 'yan sanda da yarinya irinta ba ta taɓa shiga ba. Kowace ƙofa cikin waɗannan babi ce, kuma ba dole ta dace da ta farko da ta ƙwanƙwasa ba.

Abu mafi muhimmanci da nake ganin bai fito ba tukuna a yadda kika ba ni labarin shi ne laifi biyu ne a nan. Na farko kisan kuskure ne, wanda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayaninsa: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Wannan iyali suna iya yafewa, kuma a gidajenmu galibi yafewar ake yi. Na biyu shi ne guduwa da barin wani bawan Allah a tsare, kuma wannan da gangan ake yinsa, ana sabunta shi kowace safiya. Mahaifiyar yaron ba ta da ikon yafe shi, domin haƙƙin mai adaidaita ne. Da zarar yarinyar ta yi shiru, ta shiga cikin laifi na biyu, alhali ita ce aka zalunta a na farko. Wannan ne zuciyar littafinki. Akwai ma wani ƙulli da fiƙihu ya ba ki kyauta: a ƙa'ida diyyar kisan kuskure dangin mai laifin ta wajen uba ke haɗuwa su biya, kuma a labarinki su ne dai dangin mamacin, ita yarinyar tana cikin magada, baffan ma yana iya shiga idan babu wani ɗan'uwa namiji. Rassan wannan mas'ala suna da yawa, don haka ki kai ta gaban malamin da ya san gado da hukuncin jini, ki kuma tambayi lauya yadda ake tafiyar da irin wannan ƙara a Kano, kafin ki rubuta babin kotu.

Domin sikelin ya daidaita, mutum biyu suna buƙatar aiki. Mai adaidaitan kada ya tsaya a matsayin suna a bakin mutane. (Kin yi daidai da ba ki ce ɗan acaɓa ba, tunda an hana acaɓa a Kano tun 2013.) Ki ba shi uwa ko mata da za ta zo gidan rashin ta durƙusa tana rantsuwa cewa ba shi ba ne, ki nuna cewa keken ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum, kuma kowace ranar da ya kwana a tsare bashi ke hawa kansa. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne, saboda haka ba ƙari kika yi ba idan ya share watanni a gidan gyaran hali na Kurmawa da ke Kano ba a yanke masa hukunci ba. Shi kuma ɗan baffan kada ki mayar da shi azzalumi tun asali. Idan mashayi ne mai girman kai, kin sauƙaƙa wa yarinyar, kin kuma kashe labarin. Ya kasance mutumin kirki da tsoro ya kama na minti ɗaya, sannan kunya ta hana shi komawa baya, yana ƙara yawan alherin da yake yi wa gidan, yarinyar kuma tana gane dalilin kowane buhun shinkafa da ya sauke.

Inda za ki sauke shi

Akwai ƙarshe iri-iri da ke zuwa wa marubuci da sauƙi idan ya gaji, kuma ina roƙonki ki guje su: ɗan baffan ya yi hatsari ya amsa laifinsa a gadon asibiti, ko bidiyon da wani ya ɗauka ya ɓulla, ko mahaifiyar ta yi mafarki, ko wani attajiri ya fito neman auren yarinyar ya ɗauke nauyin gidan. Aibinsu ɗaya ne, suna ƙwace zaɓin daga hannunta bayan kin sa mai karatu ya yi ta jiran abin da za ta yi. Shawarata ita ce ta yi magana, da bakinta, amma a makare, kuma jinkirin ya zama ya riga ya jawo wa mai adaidaitan asarar da ba za ta dawo ba, kamar keken da aka ƙwace ko auren da aka fasa. Ita ma ta biya nata: ta koma makarantar gwamnati, gidan baffa su ɗauke ƙafa, wasu dangi su riƙa kallonta a matsayin wadda ta tona asirin gida. Ki bar mata wani abu a hannu, domin littafin matasa da ya rufe duk ƙofofi zalunci ne ga mai karatu. Yana iya zama mahaifiyar da ta yi kwanaki ba ta ce mata komai ba, sannan wata rana ta fara ba ta labarin yarintar mamacin, ko kuma a ƙarshe wani ya kwatanta mata inda kabarin yake. Kada baƙin cikin ya ƙare a ranar da gaskiya ta fito. Sirrin ne ya hana ta yin makokin ƙaninta yadda ya kamata, don haka bayan ta sauke shi ne ma za ta fara.

Ban ga rubutun naki ba, abin da kika taƙaita mini kawai na gani, kuma mai yiwuwa jarumar da kika gina a babobin farko ta ƙi bin wannan hanya. Idan haka ta faru, ki bi ta, muddin ita ce ke zaɓa kuma zaɓin yana da farashi.

Sauran magana ta fitarwa ce. Idan a WhatsApp ko Wattpad za ki sake shi, ki gama rubutawa kafin ki saki babi na farko, domin masu sharhi za su taso ki a gaba sai kin wulaƙanta ɗan baffan ko kin aurar da yarinyar, kuma na ga labarai masu kyau da suka karkace saboda wannan matsin. Idan bugawa za ki yi a Kano, ki nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar tun da wuri. Kafin duk wannan, ki ba 'yan sakandare kaɗan su karanta, kada ki tambaye su darasin da suka koya, ki tambaye su a wane shafi suka fara jin haushin yarinyar, a wane shafi kuma suka daina. Sannan ki nemi wata babbar mace da ta taɓa rashin ɗa, in ta amince, ki karanta mata babobin zaman makoki, ki gyara duk inda ta ce ba haka ake yi ba.